Ranar da na sunkuya ɗaukar kwarkwaro

Kwarkwaro ne ya faɗo daga keken ɗinki, ya gangara ƙarƙashin teburin yanka. Ina zaune a kujera na sunkuya, na ɗan karkata hagu, na miƙa hannu, sai na ji wani abu ya soke ni a ƙugu kamar an caka min tsinin almakashi. A haka na ƙame. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya yi ta cewa, "Maigida, lafiya? Maigida, lafiya?" ni kuwa ko numfashi mai ƙarfi na kasa ja, balle in ba shi amsa. Shi da wani maƙwabci ne suka ɗaga ni, kowa ya riƙe kafaɗa guda.

A lokacin ina da shekara 43, kuma 25 daga cikinsu a kan keken ɗinki na yi su. Duk wanda ya zo duba ni sai in ce masa, wallahi ban ɗauki komai mai nauyi ba. Mamaki nake yi ƙwarai. Daga baya ne na gane cewa kwarkwaron nan ba shi ya kawo ciwon ba, ya dai zo a ranar da bayan ya gaji da haƙuri. Shekara da shekaru ina zama tun safe har dare, kai a duƙe kan allura, ƙafa ɗaya tana taka keke, kuma an daɗe ina jin ƙugu yana min nauyi da yamma, ina share shi. Jiki magayi ne, ya yi ta faɗa min, ni ne ban saurara ba.

Na kwanta. Abin da ya zo min a rai ke nan, kuma kowa ya goyi baya: ka huta, kada ka motsa, kada ka sunkuya. Na yi mako uku a kwance, ba na tashi sai don lalura. Maimakon sauƙi, sai ciwon ya sauka. Daga ƙugu ya bi ta ɗuwawun hagu, ya ratsa bayan cinya, ya kai sha-raɓa, wani lokaci har gefen tafin ƙafa. Kamar an ɗaure igiya mai zafi daga sama zuwa ƙasa ana ja. In na yi tari ko atishawa sai in ji shi har cikin yatsu. Da dare kuma ƙafar ta riƙa yi kamar kiyashi na yawo a cikinta.

Magungunan kashe zafi na riƙa sha, irin su diklofenak da ibufurofen, da farko yadda aka rubuta min, daga baya yadda ciwo ya ce. Suna ɗauke zafin na 'yan awoyi ya dawo. Bayan wata biyu cikina ya fara ƙuna, likita ya ce in daina, domin irin waɗannan magunguna in an daɗe ana sha suna cin bangon ciki har su kawo gyambo, suna kuma taɓa ƙoda. Ya tura ni hoton MRI. Sakamakon ya nuna cewa faifan da ke tsakanin ƙashi na 4 da na 5 na ƙugu ya ɗan kumburo waje, yana taɓa jijiya. Ya ce abin bai kai na tiyata ba, yawancin masu irin wannan suna samun sauƙi ba tare da wuƙa ba, in je in yi gashi, in riƙa motsa jiki.

Maganarsa daidai ce, amma ni kalma ɗaya kunnena ya riƙe: faifai ya fito. Na ɗauki bayana kamar tulun da ya tsage, wanda ko yaya aka girgiza shi zai dare. Na koma tafiya a sanƙare kamar na haɗiyi sanda. Ba na sunkuyawa, ba na waiwaye, takalmi ma maiɗakina ke sa min. Ƙaramar 'yata, tana da shekara 3 a lokacin, takan rugo da gudu ta buɗe hannu ta ce, "Baba, ɗauke ni," sai in dafa kanta kawai in ce mata gobe. Har ta daina tambaya. Wannan ya fi ciwon ƙafar yi min zafi, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta motsa. Ɗinkin mutane ya taru, wasu suka zo suka karɓi yadinsu, ban ga laifinsu ba.

A wata na biyar wani tsohon abokin cinikina, wanda ya yi fama da irin wannan, ya ba ni labarin masu gyaran gadon baya da hannu, aikin da ake kira kairofiraktik. Ban taɓa jin sunan ba. Da ya kwatanta min yadda ake danna baya har ya yi ƙara, sai gabana ya faɗi. Mutumin da ke tsoron atishawa, a ce za a danna masa baya? Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na koma wurin likitana na tambaye shi tukuna. Ya duba takarduna ya ce a halin da nake ciki babu abin da ya hana, muddin mutumin ya yi karatun aikin kuma yana da rajista, sannan in tafi masa da hoton.

Zuwan farko shi ne abin da nake so in tsaya a kansa, domin a nan na fara bambance mai sana'a da mai neman kuɗi. Na shiga ina jiran a ce in kwanta a fara murɗa ni. Sai mai gyaran bayan ya nuna min kujera, ya ɗauki biro. Kusan rabin awa tambayoyi kawai yake yi. Yaushe ya fara? Ina yake bi? Me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi? Sannan ya shiga wasu tambayoyin da suka ba ni mamaki. "Malam, fitsari yana ƙwace maka, ko yana ƙin fita? Bayan gida fa? Akwai inda ya mutu tsakanin cinyoyinka, wurin da ke taɓa sirdi in mutum ya hau doki? Kana zazzaɓi, ko gumin dare? Ka rame ba dalili? An taɓa ce maka kana da ciwon daji? Ka taɓa faɗuwa ko haɗarin mota? Kana shan maganin tsinka jini?" Duk na ce a'a. Na ce, "Likita, me ya haɗa ciwon baya da fitsari?" Ya ajiye biron ya ce, a ƙasan gadon baya akwai tarin jijiyoyi da suka bazu kamar jelar doki, su ke riƙe da mafitsara da hanji da ƙafafu. In faifai ya danne su gaba ɗaya, wannan aikin gaggawa ne na likitan tiyata, a ranar, domin jinkiri na iya barin mutum da nakasa ta har abada. "Da ka ce min e a ɗaya daga cikin waɗannan," in ji shi, "ba zan taɓa ka ba. Asibiti zan tura ka."

Daga nan ya gwada ni. Ya sa na yi tafiya a kan dunduniya, sannan a kan yatsu. Ya buga min 'yar guduma ta roba a gwiwa da bayan idon sawu. Ya ce in ɗaga babban yatsan ƙafa yana dannawa, ya ga ƙarfinsa. Na kwanta rigingine ya ɗaga ƙafar hagu a miƙe, ba ta yi nisa ba igiyar nan mai zafi ta ja, na ce wash. Ya bi gadon bayana da yatsu, ƙashi bayan ƙashi.

Sai ya ɗauko wani gadon baya na roba ya ɗora min a hannu. A ranar na fara ganin abin da nake ɗauke da shi tun haihuwa. Ƙasusuwa 33 ne a jere: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a ƙugu, sauran kuma sun haɗe da juna a can ƙasa. Tsakanin kusan kowane biyu masu motsi akwai faifai, gefensa tauri, tsakiyarsa taushi, shi ke shanye girgiza. Laka ta bi ta cikin rami a tsakiya, jijiyoyi na fita ta ƙananan ƙofofi a dama da hagu. Waɗanda ke fita daga ƙasan ƙugu su ke haɗuwa su zama jijiyar da ta fi kowace girma a jikin ɗan Adam, wadda ke sauka ta bayan cinya har ƙafa. Ita ce igiyata. Ya lanƙwasa abin a gabana, ya murɗa shi, ya ce, "Ka ga? Don motsi aka halicce shi." Ya ƙara da cewa mutane da yawa da ba su taɓa jin ciwon baya ba, in aka ɗauki hotonsu za a ga faifai ya kumburo kamar nawa, kuma irin wannan kumburin yakan ja da baya da kansa a hankali. Watanni ina ɗauke da tulu tsagagge a raina, mutumin nan ya sauke min shi da magana kafin ya sa min hannu.

A makon farko bai yi min dannar nan mai ƙara ba, saboda jijiyar tana fushi. Tausa ya yi wa tsokar da ta ƙulle a gefen ƙugu, ya riƙa motsa gaɓoɓin a hankali, ya kwantar da ni a wani gado da ƙasansa ke sauka yana ɗan buɗe bayan. A zuwa na uku ne ya ce in kwanta ta gefe, ya naɗe min ƙafar sama, ya dafa kafaɗata da hannu ɗaya, ɗayan a kan ƙugu, ya ce in saki numfashi. Ƙwas! Abin bai kai ƙiftawar ido ba. Na tsorata, amma babu zafi. Na ce, "Likita, ƙashin ya koma ke nan?" Ya girgiza kai. Ya ce babu ƙashin da ya fita balle ya koma. A cikin kowace irin wannan gaɓa akwai ruwa mai santsi, in an buɗe ta da sauri sai iska ta yi kumfa a cikinsa, ƙarar ke nan, daidai da wadda yatsu ke yi in an ja su. Amfanin dannar shi ne ta sassauta gaɓar da ta ƙage, tsoka ta saki, zafi ya ragu. Da ya bar ni a kan zatona da na fi ganin ƙwarewarsa a ranar, na kuma riƙa dawowa a mayar min da ƙashi har abada. Bai yi haka ba, kuma ina ganin girmansa saboda wannan.

Washegari jikina ya yi tsami kamar na yi aikin ƙarfi. Ya riga ya gaya min hakan na faruwa, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Ya kuwa wuce. Abin da ya biyo baya shi ne dare na farko cikin watanni da na yi barci ban farka don juyi ba.

Bai taɓa sallamata hannu biyu ba, kullum da aikin gida. Tafiya ta minti 10 safe da yamma, ana ƙarawa kowane mako. Kwanciya rub da ciki a dogara da gwiwar hannu. Durƙuso a kan hannuwa da gwiwoyi, a miƙe hannun dama da ƙafar hagu, sannan a sauya. Kwanciya rigingine a ɗaga ƙugu sama. Ya ce abin da yake min a ɗakin nan taga ce kawai yake buɗe min ta 'yan kwanaki, in ban yi motsi a cikinta ba za ta rufe. Na gwada gaskiyar maganar da kaina. Makon da na yi sakaci da atisayen, dannar ba ta kai ni ko'ina ba. Ciwon ya riƙa janyewa ta hanyar da ya zo: ya bar tafin ƙafa, ya bar sha-raɓa, ya tsaya a cinya, daga baya ya koma ƙugu inda ya fara. Da na yi ƙorafin cewa ƙugun ya fi da zafi, sai ya ce wannan alama ce mai kyau, ciwon da ke komawa gida ya fi wanda ke yin nisa. A mako na shida na ɗaure takalmina da kaina. A na takwas ya ce ba sai na dawo ba, sai in wani abu ya taso.

Bayan na samu kaina na zauna na karanta asalin wannan aiki, don ba na son in yabi abin da ban sani ba. Wani mutum ne mai suna Daniel David Palmer ya fara shi a 1895, a garin Dabinfot na jihar Ayowa a Amurka. Sunan daga harshen Girka aka haɗa shi, ma'anarsa abin da aka yi da hannu. Palmer ya ce ya warkar da kurumtar wani ma'aikaci ta hanyar danna masa baya, kuma ya tafi a kan cewa gocewar ƙasusuwan baya ita ce tushen mafi yawan cututtuka. Wannan iƙirari binciken likitanci bai gaskata shi ba. Abin da ya tsaya da ƙafarsa ya fi haka ƙanƙanta: dannar gadon baya tana taimaka wa wasu masu ciwon baya da na wuya, gwargwadon yadda gashi da motsa jiki ke taimakawa. A 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar a fara da hanyoyin da ba na ƙwaya ba ga mai ciwon ƙugu, ta lissafa ɗumama wurin da tausa da wannan danna a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya. Da na ga adadin nan na yi shiru. Ina kwance ina ganin ni kaɗai abin ya samu.

Na kawo maganar Palmer ne saboda har yau akwai masu tafiya a kan tsohuwar maganarsa, kuma na haɗu da ɗaya. Bayan shekara guda wuyana ya fara. Tela da duƙar da kai ba sa rabuwa, kan mutum kuwa yana kai kilo 5, wuya ke riƙe da shi duk wunin da aka yi ana bin allura da ido. Wanda ya yi min aiki ya yi tafiya, sai na je wurin wani. Bai tambaye ni komai ba. Ya dubi tsayuwata ya ce gadon bayana duk ya karkace, shi ne ma dalilin ƙunar cikin da na taɓa yi, kuma zai iya magance hawan jini da asma da ciwon kunnen yara. Ya ce sai na yi zuwa da yawa a jere, in biya gaba ɗaya tun yanzu, in kawo iyalina ma a gyara su ko ba sa ciwo. Yana maganar yana miƙo hannu zai kama min kai. Na ce, "Malam, dakata." Na tashi na fita. Raina ya ɓaci, kuma har yanzu yana ɓaci in na tuna, domin na san akwai mai hawan jinin da zai ji wannan magana ya ajiye maganinsa.

Da na farkon ya dawo na je masa da wuyan. Nan ma tambayoyi: jiri, ganin abu biyu, wahalar haɗiya, nauyin harshe, ciwon kai na farat ɗaya wanda ban taɓa jin irinsa ba. Ya faɗa min ƙarara cewa murɗa wuya da sauri yana da haɗari wanda ba kasafai yake aukuwa ba amma babba ne, domin akwai jijiyoyin jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, in bangon ɗaya ya tsage yana iya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ya ce ina da zaɓi. Na ce ba na so. Bai ja ba. Ya yi aiki a kan kafaɗa da bayan ƙirji, ya motsa wuyan a hankali, ya koya min jan haɓa baya kamar mai son yin haɓa biyu. Sannan ya tambayi tsayin kujerata da inda fitila take. Na ɗaga teburin keke da katako, na kawo haske kusa da allura, na sa agogo yana kaɗa min duk bayan rabin awa in miƙe in taka. Wuyan ya saki cikin wata guda. Gwiwar dama da ke min ƙara wajen taka keke ita ma atisayen ƙarfafa cinya ne ya kwantar da ita, ko taɓa ta bai cika yi ba.

Akwai kuma labarin yayana, wanda ba zan iya rufe baki ban faɗa ba. Ganin na warke, da bayansa ya kama shi sai ya ce in kai shi. Na kai shi wurin na farkon ina murna. Ciwonsa a tsakiyar baya yake, ba ya lafawa ko ya kwanta, da dare ma ya fi tsanani. Da aka zo tambayar gumin dare da rama, sai ya ce e, wandunansa duk sun yi masa yawa. Ni da na ɗinka su ban lura ba. Likitan ya ɗan ƙwanƙwasa wurin, Yaya ya zabura. Sai ya rufe littafinsa ya ce, "Alhaji, wannan ba nawa ba ne." Ya rubuta takarda ya ce mu wuce asibiti, kada mu bari ya kwana biyu. Yaya ya ji haushi, a hanya yana ta cewa an yi masa rowar hannu. Gwaji ya nuna tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, ya fara cin guda biyu. Na ɗauka a huhu kaɗai yake zama, ashe yana shiga ƙashi. Ya yi watanni masu yawa yana shan magani, Allah ya tashi kafaɗarsa. In na tuna wancan mutumin da ya miƙo hannu ba tambaya, na kuma tuna ƙashin Yaya da ciwo ya rarake, sai tsigar jikina ta tashi. Haka yake ga mai zaizayewar ƙashi, da mai karaya, da wanda daji ya taɓa masa ƙashi: danna mai ƙarfi ba tasu ba ce.

Yau shekara 4 ke nan. Ba zan ce bayan ya zama na saurayi ba. Sau biyu ya sake kama ni, duka a lokacin da aiki ya yi yawa na yi watsi da agogon nan. Bambancin shi ne ban ƙara kwanciya mako uku ba. Na ɗumama wurin, na rage zama, na ci gaba da tafiya ko da a hankali, na koma kan atisayena. Na farko ya wuce cikin kwana 10 ba tare da na je ko'ina ba. Na biyu ya yi taurin kai, na je aka yi min sau biyu, ya saki.

'Yar tawa ta girma, ta shiga makaranta, ta wuce a ce a ɗauke ta. Amma kwanan baya ta yi barci a kan tarin yadi a wurin aikina, lokacin tashi ya yi, yaron ya ce, "Maigida, bari in ɗauko ta." Na ce ya bari. Na durƙusa a kan gwiwa yadda aka koya min, na jawo ta jikina, na miƙe da ƙarfin cinya. Ta ɗan buɗe ido ta ce, "Baba, bayanka fa?" Na ce mata ta yi barcinta. A kafaɗata ta ƙarasa shi har gida.